Wata shida don kaki, shekara uku don aiki: maganar sojan gona a Zamfara

Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya kabu-kabu yake yi a Gusau, kuma mashin ɗin da ya fara da shi ba nashi bane, wani bawan Allah ne ya saya ya ba shi a kan ya riƙa biya duk sati har ya zama nashi. Saura kamar wata huɗu ya gama biya wani mutum ya tare shi da la'asar sakaliya a wata kwana can wajen Tudun Wada. Baƙin wando, baƙin takalmi sau-ciki, hular nan ta 'yan sanda da ake karkatawa gefe, sannan ya ɗora jaket a sama ta yadda ba ka ganin suna ba ka ganin lamba, ga oba-oba a hannu tana ta ƙara. Ya ce kai tsaya, ina takardun mashin? Yaro ya ce suna wurin mai shi. Ya ce to an kawo rahoton an sace irin wanga mashin, sauka, je ka zo da mai shi da takardu ku iske ni ofis. Ya amshi makulli ya hau ya tayar, yaron nan yana tsaye yana ta "yallaɓai don Allah a yi haƙuri" har mutumin ya sha kwana.

Bayan magariba ya shigo min gida ido jajir, ya ce Yaya 'yan sanda sun kama min mashin. Muka ɗauko mai mashin da takardunshi a leda, muka bi ofis uku a daren nan, ba wanda ya san da maganar, ba a rubuta a littafin kowa ba. A na ukun ne wani dattijon saje da ke kan kanta ya cire tabarau ya kalli yaron ya ce, "Mi sunanshi? Wace lamba ag gareshi? Wane ofishi ya ce ka iske shi?" Yaro ya ce bai faɗa ba. Ya ce, "Kai ko ba ka tambaya ba?" Sai ƙanena ya ce, "Baba, ana tambayar ɗan sanda?"

Wallahi wannan amsar ta fi ɓatan mashin ɗin tsaya min a rai, kuma ita ce ta sa na zauna na bi maganar hukuncin sojan gona, domin duk lokacin da aka yi holin wani da kaki na bogi sai kaji mutane suna cewa ai gobe za a sake shi, doka ba ta da haƙora. Da gaskiya a maganar, amma yadda abin yake ya fi haka sarƙaƙiya.

Mu a Arewa kundin da kotunan majistare ke aiki da shi shi ne Penal Code, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinshi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya. Wasu jihohi sun sake rubuta nasu, kamar yadda Kaduna ta yi a 2017, saboda haka lambar sashe kan sauya daga jiha zuwa jiha, amma a asalin kundin sashe biyu ne ke maƙwabtaka a kan wannan magana. Sashe na 133 yana magana ne a kan wanda ya saka tufafi ko ya riƙe wata alama irin ta ma'aikacin gwamnati da niyyar a ɗauka shi ma ɗaya ne daga cikinsu, hukuncinshi ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko 'yar tara da aka rubuta tun zamanin fam da sule, ko duka biyu. Sashe na 132 kuma na wanda ya wuce saka kaya, ya ce shi ne mai riƙe da muƙamin alhali ya san ƙarya yake, sannan ya aikata wani abu ko ya yi yunƙurin aikatawa da sunan wannan muƙamin. Shi wannan ɗaurinshi na iya kaiwa shekara uku, ko biyan tara, ko a haɗa mishi.

Kaga kenan doka ta raba wanda ya saka kaki ya je gidan su budurwa don a ce ya samu aiki da wanda ya saka ya tsaya a hanya yana ɗaga hannu. Na farkon ma sai mai gabatar da ƙara ya nuna niyya, wato ya saka ne don a yarda shi ɗan sanda ne, shi ya sa yaron da aka ɗinka wa kayan 'yan sanda da sallah ko ɗan wasan da kowa a wurin ya san wasa ake ba su shiga ciki. Na biyun kuwa ba sai ya saka komai ba. Mutum na iya zuwa da shadda da hula zanna ya ce shi ɗan sandan farin kaya ne an turo shi bincike, ya shiga ɗakinka ya ɗaga katifa, sashe na 132 ya hau kanshi ko bai taɓa riƙe kaki ba. Kuma wanda aka kora daga aiki ya ƙi maida kaya, ya ci gaba da fita da su yana kame, shi ma sojan gona ne a idon doka, tunda a ranar da ya yi abin ba shi riƙe da muƙamin.

A Kudu, inda suke amfani da Criminal Code, kusan haka ne, sashe na 108 shekara uku ga mai sojan gonar ma'aikacin gwamnati, na 109 shekara ɗaya ga wanda ya ce shi soja ne ko ɗan sanda. Ko a waje ma ba wani tsanani suka yi ba, a Ingila dokar 'yan sanda ta 1996 wata shida ta yanka, a Amurka mai sojan gonar jami'in tarayya shekara uku.

Sai kuma sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1943. Ita ta tarayya ce, tana aiki a Gusau kamar yadda take aiki a Legas, kuma ta ce duk wanda ba ɗan sanda ba da ya saka kayansu, duka ko wani ɓangare, ko ya ari suna ko muƙaminsu, ko ya yi ƙaryar shi ɗan sanda ne don a buɗe mishi gida ko ya yi abin da ba shi da ikon yi, to tarar da ba ta gaza naira 100,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba, ko duka. A lura da kyau, Penal Code cewa ta yi "bai wuce ba", wato ta sa rufi, alƙali na iya saukowa ƙasa yadda ya ga dama har zuwa wata ɗaya. Ita ta 2020 cewa ta yi "bai gaza ba", ta sa daɓe, ba a nutsewa ƙasa da nan. Saboda haka mutum biyu na iya yin laifi iri ɗaya sak, ɗaya ya kwana wata uku ɗaya ya shekara, kuma bambancin ba daga alƙali ya fara ba, daga wanda ya zauna ya rubuta tuhuma ne, wace doka ya ɗauko. Nan ne wurin da kusan ba wanda ke kallo.

Na taɓa zama a wata kotun majistare ina jiran shari'ar wani abokina ta rikicin haya, aka shigo da wani saurayi da ankwa, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba. Aka zazzage leda a kan teburi: riga baƙa da ta koɗe, bel, hula, da wani kati da aka yi wa laminetin wanda hotonshi ya karkace. Mai gabatar da ƙara ya ce an kama shi yana tare masu kai kaya kasuwa yana amsar ɗari biyu, ɗari biyar. Aka karanta mishi da Hausa, ya sunkuyar da kai ya ce ya mai shari'a na aikata, talauci ne, ina da mata da ɗiya biyu, a yi min sassauci. Minti goma ba a yi ba aka yanke mishi 'yan watanni ko ya biya tara, kuma kafin a kira shari'ar da ta kawo ni na ga wani dattijo da nake zaton babanshi ne a bakin taga yana kwance bakin aljihu. Abin da na lura da shi, ba wanda ya tambayi yaron nan ina ya samo rigar. Wa ya ɗinka, wa ya sayar, wa ya buga katin, ko ɗaya. Kuma cikin waɗanda ya amshe wa kuɗi ba ko mutum ɗaya a kotun, balle a yi zancen a maida musu.

To me ya sa masu tsara doka suka bar hukuncin da sauƙi haka? Dalilinsu shi ne kaki ƙofa ce kawai, ainihin laifin yana cikin ɗaki, kuma kowane laifi da nashi hukuncin da za a ɗora a kai. In ya tsorata ka da kamu ya amshi kuɗi, wannan ƙwace ne ta hanyar barazana, a Penal Code yana iya kaiwa shekara biyar. In ya yaudare ka ka miƙa mishi dukiya da hannunka, akwai dokar damfara ta 2006, wadda ake kira ta 419, ita shekara bakwai ce mafi ƙaranci har zuwa ashirin kuma babu zaɓin tara. In ya yi amfani da ƙarfi, dokar fashi ta 1984 ta ce ba ƙasa da shekara 21 ba, in kuma da makami ne ko ya raunata wani, kisa. Riƙe bindiga ba izini shi kaɗai a dokar nan shekara goma ne ko biyan tara. In garkuwa ya yi da mutum, mu nan Zamfara akwai dokar da Bello Matawalle ya sa wa hannu a watan Yuni 2022 da ta tanadi kisa ga 'yan bindiga da masu garkuwa da masu kai musu bayani. Har wanda ke zaune a ɗaki yana buga waya yana cewa ni ne DPO an kama ɗanka turo kuɗin beli, ko ya buɗe shafi a Facebook da hoton wani babban jami'i yana sayar da gurbin ɗaukar kurata, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadar mishi nashi.

A takarda tsarin ya yi ma'ana. Matsalar ita ce waɗannan manyan tuhume-tuhumen aiki ne da su, sai an yi bincike, sai an nemo shaidu sun yarda su zo, sai fayil ya je ma'aikatar shari'a an ba da shawara, sai an je babbar kotu, shari'ar da za ta iya cin shekaru. Sojan gona kuwa ga kaki a leda, ga mai laifi ya amsa, yau a gama. Mutum ɗan adam ne, mai sauƙin yake ɗauka. Shi ya sa wanda ya kamata a tuhuma da damfara ko ƙwace sai ya fita da laifin saka riga, jama'a kuma su ce doka ce ba ta da ƙarfi alhali mai ƙarfin tana nan a ajiye ba a ɗauko ta ba. Shi kanshi wanda ya tafi da mashin ɗin ƙanena, da an kama shi, lauyoyi za su iya kwana suna gardama, fashi ne ko sata ko damfara, tunda bai nuna bindiga ba bai mari kowa ba, yaro ne ya sauka da ƙafarshi ya miƙa makulli. Ni a wurina hular nan ta yi aikin da bindiga ke yi, har ta fi, domin da bindiga ya fito da ita yaron zai yi kururuwa mutane su taru, amma da ya ga hula sai ya koma ba da haƙuri, masu shago a wurin ma suna kallo ba wanda ya motsa.

Akwai kuma ɓangaren shari'ar Musulunci da ba za a tsallake ba in ana maganar Zamfara, tunda nan ne Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita ranar 27 ga Oktoba 1999, kundin hukunce-hukuncen ya fara aiki a farkon 2000. Sojan gona a karan kanshi ba ya cikin laifukan haddi, ta'aziri ne, hukuma ce ke yanka abin da ta ga zai tsawatar. Amma da zarar mutum ya tare hanya ya tsorata matafiya ya amshe dukiya da ƙarfi, maganar ta koma hiraba, wadda aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta yi bayaninta, kuma malamai ba su ce sai in ɗan fashin bai saka kaki ba. Abin da nake so a gane a nan, fiƙihunmu ya ɗauki tsoratar da hanya a matsayin laifi a kan al'umma gaba ɗaya, ko da abin da aka amsa kaɗan ne, domin amincin hanya na kowa ne. Irin wannan kallon nake ganin ya dace da mai kakin bogi. Ɗari biyar ɗin da ya amsa ƙaramar ɓarna ce. Babbar ita ce gobe in ɗan sanda na gaskiya ya ɗaga hannu a hanyar Tsafe ko ta Ɗansadau don ya ce wa direba kada ka wuce akwai mutane a gaba, direban zai taka mota ne ya ƙara wuta.

Kuma wannan ba tatsuniya bace a ƙasar nan. Waɗanda suka shiga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014 da kayan soja suka zo, suka ce wa 'yan matan su fito an zo kare su, haka aka kwashi 276. Mu nan kowa ya ga bidiyon 'yan bindigar dajinmu da kakin soja, wani har da rigar sulke, wasu kayan daga jikin jami'an da suka kashe suka cire su, wasu kuma saya musu ake yi a cikin gari a kai musu. Mutumin ƙauye da ya hango masu kaki a kan mashina da asuba, cikin daƙiƙa nawa zai yanke shawarar ya gudu ko ya tsaya? In ya tsaya su ne, ya shiga uku. In ya gudu kuma jami'ai ne, ana iya cewa ɗan bindiga ne a harbe shi. Abin yana cin jami'an su ma, a watan Agusta 2019 a hanyar Ibi ta jihar Taraba sojoji suka buɗe wa motar 'yan sandan farin kaya da suka kamo Hamisu Wadume wuta, 'yan sanda uku suka mutu, kuma bayanin farko da rundunar soja ta bayar shi ne an ɗauka masu garkuwa ne.

Yanzu ƙirga min masu kaki a Zamfara. Ɗan sanda mai baƙi, mai shuɗi da baƙi, mai dabbare-dabbare, mopol, 'yan sandan sarauniya, soja, sibil difens, 'yan hana sha da fataucin ƙwaya, kwastan, rodsefti, ZAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa na jiha, Hisba, 'yan banga, mafarauta, ga Askarawa da Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairu 2024, ga masu gadin kamfanoni da kowa ke ɗinka abin da ya yi mishi. Kundin tsarin mulki a sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, amma tsohuwar da ke kawo nono daga ruga duk mai bel da but a wurinta hukuma ne. Kakanninmu a zamanin En'e ɗan doka da dogari sun san su da suna, sun san gidan ubansu, in ɗan doka ya zalunce ka ka san ƙofar da za ka je. Ba ina cewa zamanin ba shi da nashi zaluncin bane, yana da shi sosai, amma baƙo ba ya iya shigowa gari ya ce shi ɗan doka ne a yarda. Yau jami'in da ke tsaye a shinge wata ƙila daga wata jiha mai nisa aka turo shi jiya, ba ka san shi ba bai san ka ba, abin da ya haɗa ku kawai shi ne rigar, rigar kuma tela na ɗinka ta.

Maganar tela ɗin nan ma ba ƙarama bace. Sanannen abu ne cewa ƙananan 'yan sanda da yawa da kuɗin aljihunsu suke sayen yadi su kai ɗinki, su sayi but da bel da hula a kasuwar bariki, to duk inda aka buɗe kasuwa ga na gaskiya ta buɗu ga na ƙarya, mai shago ba zai bi kowa yana neman takardar ɗaukar aiki ba. A watan Yuli 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya ba da umarnin a kama masu sayar da kayan 'yan sanda ba izini, ya kuma hana masu fim da masu barkwanci a intanet saka kaki sai da izini, har aka kafa hujja da sashe na 133 ɗin nan. Sai surutun duk ya koma kan 'yan wasa, su da kowa ya san fuskarsu kuma ba su tare kowa a hanya, aka manta da mai shagon. A Kanada, bayan wani mutum ya yi shigar ɗan sanda da motar da ya yi wa fenti irin tasu ya kashe mutum 22 a lardin Nova Scotia a watan Afrilu 2020, abin da lardin ya yi shi ne doka a kan kayan kansu, wa zai mallaka, wa zai sayar, me za a yi da tsohuwar motar 'yan sanda kafin a yi gwanjonta. Sun bi ta tushe.

Amma abin da ya fi ci min rai, kuma na san wasu ba za su so ji ba, sojan gona kwaikwayo ne, kuma mai kwaikwayo abin da ya gani yake yi. Da a ce an san ɗan sanda ba ya amsar kuɗi a hanya, ranar da wani ya miƙo hannu ya ce a ba da na goro kowa zai gane na bogi ne. Da a ce an san ɗan sanda ba ya kama abu sai ya faɗi sunanshi da ofishinshi ya ba ka 'yar takarda, ƙanena da ya gane tun a kalmar farko. Yaron da na gani a kotu bai ƙirƙiro komai ba, ya tsaya inda ake tsayawa ya amshi abin da ake amsa, masu motar kuma suka miƙa kamar yadda suka saba miƙawa ba tare da sun kalli fuskarshi ba. Kowa ya tuna ɗaya daga cikin koke-koken da aka yi a kan SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, kafin a rusa ta ranar 11 ga Oktoba 2020 shi ne samari da ƙananan kaya da bindiga a mota marar lamba, ba ka iya bambance su da 'yan fashi. Ina da 'yan uwa a aikin nan, na san wahalar da suke sha, na san waɗanda aka kashe a dajin nan aka bar marayu ba mai waiwayarsu, kuma saboda su ɗin ne nake faɗa, duk jami'in da ya rufe sunanshi da jaket ko ya fusata don an ce yallaɓai wane ofishi, ya share wa ɓarawo hanya ko bai sani ba.

Alhali doka ta ba mu damar tambayar. Ita dai dokar 2020 ɗin ta ce kafin ɗan sanda ya tsayar da kai ya bincike ka sai ya kasance cikin kaki ko ya rataya katin shaidarshi inda za a gani, ya faɗa maka sunanshi da ofishin da yake da abin da yake nema. Ta ce in an kama mutum a gaya mishi dalili, ta hana a kama wani a madadin wani, ta hana kamu a kan rikicin bashi da ciniki. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Beli a caji ofis kyauta ne, shiga aikin ɗan sanda ba a sayen gurbi. Tun 2015 rundunar ke da sashen karɓar ƙorafin jama'a. Duk wanda ya san waɗannan ya riƙe ma'aunin gane na bogi, domin na bogi kullum sauri yake, ba ya son a je ofis, ya fi son a sasanta a nan gefen hanya ko ya ce ka iske shi can. Sai dai sanin doka daban, iya buɗe baki a gaban mai bindiga da dare a hanyar Ƙaura daban, kuma ba zan ba kowa shawarar ya tsaya gardama a irin wannan wurin ba, rai ya fi mashin. A cikin gari da rana ne ake cewa yallaɓai mu tafi ofishin tare, ni zan tura mashin ɗin, a kira shugaban ƙungiyar 'yan kabu-kabu a waya, a bari mutane su matso.

In ana so a ƙara hukunci ni ban ƙi ba, musamman a cire zaɓin tara ga wanda ya yi amfani da kakin ya taɓa dukiya ko jikin wani, domin naira 100,000 ta 2020 ba ita ce ta yau ba, mai tare hanya na iya haɗa ta a 'yan kwanaki. Amma ko an mayar da shi shekara ashirin, in mai rubuta tuhuma zai ci gaba da ɗauko mafi sauƙi, in ba za a bi rigar har shagon da ta fito ba, in mai ƙorafi zai ji tsoron zuwa ba da shaida, lambar za ta zauna a littafi ne kawai. Kuma ina jin tsoron ɗaya gefen, yadda zukata suka yi zafi a jihar nan, duk wanda aka kama da kakin bogi kafin a kai shi ofis an ce infoma ne an taru a kanshi, wata ƙila kuma wawan saurayi ne mai son burga wanda doka ta yanka wa wata shida, ko ma jami'in gaskiya ne da ya bar katinshi a gida. Wanda aka kashe a titi ba ya faɗin wanda ya sayar mishi da kaya.

Mashin dai ba a gan shi ba har yau. Mai shi ya yi mana mutunci ya yafe rabin abin da ya rage, muka haɗa sauran a gida muka biya. Ƙanena ya samu wani yana ja, kuma kwanaki yake ba ni labari wai an tsayar da shi wajen Lalan, ya kashe mashin ya cire makulli ya sa a aljihu, ya gaida mutumin, ya karanta sunan da ke ƙirjinshi da ƙarfi yadda na kusa za su ji, sannan ya ce yallaɓai wane ofishi kake. Ya ce jami'in ya ɗan tsaya yana kallonshi, sai ya faɗa mishi, ya duba takardu ya miƙo mishi abinshi. Na ce to da ya ƙi faɗa fa? Ya ce Yaya ai lambar shugabanmu na kan waya, hannuna na kanta tun kafin in tsaya.